Makwarwar Mukhtaru Mai Ruwa

A unguwarmu ta Tandabawi, a shekarun da aka gama babban yaƙin Turawa, masu kawo ruwa suna da yawa, amma ɗaya ne ake jin muryarsa tun kafin a ji ƙarar garewaninsa. Mukhtaru ke nan. Sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, yana tahowa daga bazan inda ake ɗibar ruwan unguwa, bakinsa kuwa ya riga ƙafarsa isa ƙofar gida.

Goye aka shigo da shi Makka. Abin da ya gani na ƙasar Hausa bai wuce ƙeyar mahaifiyarsa ba. Amma in ya zauna a shagon shayin wani Bayamale da yamma, sai ka rantse jiya ya fito daga dajin.

"Kakana Sarkin Baka ne," haka yake farawa. "Ni jinin farauta ne. In na kalli sawun dabba, har abin da ta ci da safe sai in gaya maka."

"To alhamdu lillahi da aka kawo ka nan," in ji Bayamale. "Namun dawa sun huta."

Gaskiya kuwa babu garin da ya dace da irin farautar Mukhtaru kamar Makka. Duk abin da ke cikin iyakar Harami, tsuntsu ne ko zomo, ba a kama shi, ba a ko firgita shi. Tattabara na iya sauka a tsakiyar shinkafarka, sai dai ka lallaɓa ta. Saboda haka babu wanda ya taɓa ce wa Mukhtaru, "Nuna mu gani."

Yayata Ramlatu gyaɗa take soyawa, ana kai mata kasuwa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai ruwa". Amma ni da muke kwana ɗaki ɗaya na lura da wani abu: tun da Mukhtaru ya fara kawo mana ruwa, randarmu ta daina kai la'asar. Ramlatu sai ta wanke abin da aka riga aka wanke, ta yayyafa wa tsakar gida ruwa har ta yi caɓi, sannan ta ce a aika a kira mai ruwa ya dawo. Shi ma kowa ya san yana shirin turo manyansa. Baba, wanda unguwa ke kira Malam Tsoho, ya sani, bai kuwa ce a'a ba. Hanya a buɗe take sarai. Abin da ya rage kawai Mukhtaru ya yi shiru ya bi ta.

Wata safiya ta lokacin sanyi, an kwana ana yayyafi, Baba na zaune a ƙofar gida yana shan hantsi. Idonsa ya yi rauni a shekarun nan, amma kunnensa garau. Shi da ƙafarsa ya taho daga ƙasar Daura yana saurayi.

"Irin wannan safiya," ya ce, kamar da kansa yake magana, "a gida makwarwa ke tashe mu. Tun da na haye Bahar Maliya ban ƙara jin kukanta ba. An ce akwai 'yar uwarta a duwatsun hanyar Ɗa'if, Larabawa na ce mata hajal. Oho. Ko a lahira na ji."

Mukhtaru na tsakar gida yana juye ruwa. Ya juyo da garwa a hannu.

"Makwarwa? Baba, makwarwa ce ta hana ka barci? Ai mu a gidanmu yara ake aikawa su kamo ta."

"Mai ruwa," in ji Ramlatu daga bayan labule, "randa ta cika, zubarwa kake yi."

Bai ji ba. Ya ga labule ya motsa, ya san ana sauraro, sai ya ƙara murya.

"Wallahi tallahi, ba zan turo manyana ba, ba zan ƙara taka ƙofar gidan nan ba, sai da makwarwa mai rai, tana kuka a kunnen Baba!"

"Kai, ɗana, wa ya aike ka rantsuwa?" in ji Baba.

Ina, ta riga ta fita. Gidajenmu na garewanin kananzir ne da aka buɗe aka haɗa da ƙusa, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ne ke ce maka sannu. Kafin azahar duk Tandabawi ta ji. Ramlatu kuwa ranar nan ta ƙona gyaɗa har kasko biyu.

Mukhtaru ya shiga shiri. Ya ari kwando mai murfi. Ya sayi alkama a 'yar jaka don yi wa tsuntsu tarko. Ya je kasuwar gwanjo ya samo wani tsohon madubin hangen nesa da wani alhaji ya bari, dogo kamar muciya. Sai kare ya rage.

Akwai wani fili a kan hanyar Harami inda tattabaru ke sauka, Inna Sa'adatu na zama a nan tana sayar wa alhazai hatsin da suke watsa musu. Kusa da tabarmarta kullum akwai wani jan kare mai dogayen ƙafafu, sunansa Barsu. Mukhtaru ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Inna, wannan ai karen farauta ne ake wulaƙantawa. Dubi ƙirji! Ara mini shi."

"Kai ɗan nan, wannan kare tun yana ɗan kwikwiyo a cikin tattabaru ya tashi. Ni na hore shi ya..."

"Shi nake nema! Wanda ya san tsuntsu."

"Tsaya mana in gaya maka. Aikinsa..."

"Inna, ke ki san hatsi, ni in san kare. Halas, magana ta ƙare."

Inna Sa'adatu ta dube shi, ta dubi Barsu, ta gyara mayafi. "Tayyib. Je ka da shi. Ka dawo mini da shi da kunnuwansa biyu."

Baba ya kira Yaya Abdulganiyyu, babban wanmu mai tsire, ya ce, "Bi shi. Ba don makwarwa ba, don kada ya faɗa rami." Suka bi masu jakuna da ke zuwa Ɗa'if ta Dutsen Kara. Ranar tafiya Mukhtaru ya ratsa unguwa da naɗin rawani, madubi a hammata, kare a igiya. Bayamale ya janye zanensa yana cewa, "Ya shehu, yi nesa da tabarmata da karen nan!" Ramlatu ta aika masa da bargo, ya mayar.

"Ku ce mata mafarauci ba ya bargo."

Abin da ya faru a dutse daga bakin Yaya muka fara ji.

Sun wuce duwatsun da aka gina alamar iyakar Harami, sun wuce Arfa, suka isa gindin Kara. Tun daga nan Mukhtaru ya fara sanin cewa sanyin Makka wasan yara ne. Gajimare na yawo a ƙasa da ƙafar mutum, iska na shiga riga ta wuya ta fita ta ƙafar wando. Da gari ya waye Yaya ya fito daga cikin bargonsa, ya tarar da jikan Sarkin Baka ya rungume Barsu kamar jariri, haƙora na kaɗawa.

"Mafarauci, an tashi lafiya?"

"Ɗumama shi nake yi. Kare in ya yi sanyi hancinsa ba ya aiki."

Suka fara hawa. Dutsen kuwa, in ji Yaya, ya yi kyau ƙwarai a lokacin. Ruwan sama ya fito da ɗanyar ciyawa daga kowace tsaga, ƙananan tsuntsaye baƙi waɗanda sai da sanyi suke zuwa sun cika bakin ƙorama suna kaɗa wutsiya. Ko wanne ya gifta, Mukhtaru na da labarinsa.

"Ka ga waccan babbar da ke shawagi? Mikiya ce. Kakana na kiranta da fito ta sauka a kafaɗarsa."

"Ungulu ce."

"Mikiyar nan ƙasar haka wuyanta yake."

"To kai take bi. Ta ga alamar ba za ka kai yamma ba."

Can suka ga wasu dabbobi masu kamar zomo marar kunne, suna shan rana a kan falalen dutse. Masu jakuna sun ce musu wabar sunansu. Mukhtaru ya raɗa cewa 'ya'yan damisa ne, uwar na kusa, kowa ya yi a hankali. Ɗaya daga cikinsu ya yi ƙara, Mukhtaru ya tsinci kansa a bayan Yaya.

"Bayanka nake tsarewa," ya ce. "Damisa ta baya take zuwa."

Da hantsi ya ɗaga sai ya hango ƙaho a kan wani tsauni. Ya tsuguna, ya ja rigar Yaya.

"Barewa! Ba ita muka zo nema ba, amma tun da ta kawo kanta, a kai wa Ramlatu fata."

Ya bi da rarrafe, ya zagaya, ya yi tsalle ya damƙi ƙafar baya. Barewa ta ce, "Mee!" Daga bayan dutse wata tsohuwa makiyayiya ta ɓullo da duwatsu cike da zane. Yaya ya ce bai taɓa ganin hannu mai saiti irin nata ba, duk wanda ta jefa sai ya sami mazauni. Da ƙyar ya ba ta haƙuri, ya taɓa goshi da yatsa ya nuna Mukhtaru, alamar mai taɓin hankali ne, ya ce, "Miskin." Ta gane. Har ta tausaya ta nuna musu wani kwari inda hajal ke sauka shan ruwa.

Suna isa kuwa sai ga su. Garke guda, masu jan baki da jan ƙafa, gefensu da zane kamar an yi musu kwalli, suna tafe a jere suna tsince-tsince. Yaya ya ce shi kansa sai da ya yi tasbihi.

Mukhtaru ya watsa alkama. Tsuntsaye suka matso. Ya kwance igiya daga wuyan Barsu, ya nuna su.

"Yalla! Kama!"

Barsu ya tafi a hankali, wutsiya ƙasa, kai a sunkuye, ba ko ƙarar tafiya. Makware suka ɗaga kai, suka ga ba shi da niyyar kowa, suka ci gaba da ci.

"Ka ga horo?" in ji Mukhtaru. "Sanɗa ke nan. Yanzu za ka ga aiki."

Barsu ya isa gefen garken, ya juya sau biyu, ya kwanta. Ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya ba tsuntsaye baya, ya zuba wa Mukhtaru ido.

"Yana jiran su ƙoshi, su yi nauyi."

Suka ƙoshi. Ɗaya har ta taka wutsiyar Barsu ta wuce. Da Mukhtaru ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya tuɓe babbar rigarsa, ya shimfiɗa ta a hannu biyu, ya fara sanɗa da kansa. Barsu ya ɗaga leɓe. Ya ƙara taku, Barsu ya yi gurnani. Ya yi tsalle zai kifa riga, sai kare ya tashi ya cafke bakin rigar. Wannan ya ja, wannan ya ja, riga ta ce kyaat! Makware suka tashi fir, suka bi kwari suna kuka kamar masu dariya.

Aikin Barsu ke nan tun yana ƙarami, abin da Inna ta so faɗa aka katse ta: ya tsare tsuntsu yana cin abinci, ya kori kyanwa da yara marasa ji. A wurinsa kuwa Mukhtaru babbar kyanwa ce.

"Ba a gaya masa mun fita Harami ba," in ji Yaya. "Yi masa bayani, wataƙila bai ga alamar ba."

Mukhtaru ya yi. Wallahi Yaya ya ce ya tsuguna ya kama kunnen kare ya yi masa bayani, da Hausa, sannan da Larabci.

Suka zauna cin abinci a wata inuwa. Mukhtaru ya baje gurasa da dabino da ƙullin gyaɗar da Ramlatu ta ɓoye a kayan Yaya, ya cire rawani ya ajiye, sannan ya ɗauko madubi don ya ga inda makware suka sauka. Tun da ya saye shi ta ƙaton bakin yake leƙawa, wai nan ne ido ya fi sakewa.

"Akwai birai," ya ce. "Amma can nesa, ƙanana kamar ɓeraye. Kafin su iso nan mun yi sallar la'asar."

"Mukhtaru."

"Kada ka dame ni, ina ƙirga su."

"Mukhtaru, sauke abin nan."

Ya sauke. Wani ƙaton gwaggon biri mai furfura har kafaɗa na zaune a gabansa, kusa har yana jin warinsa, da gurasa a hannu. Iyalinsa na bayansa suna rabon dabino. Mukhtaru ya yi ihu ya jefe shi da madubi. Biri ya cafe, ya duba, ya riƙe. Wata uwa ta ja rawani, ya warware, ta haye dutse da shi yana binta kamar tuta.

"Barsu! Kama!"

Barsu ya dubi birai, ya ga ba tsuntsu a cikin maganar, ya yi hamma.

Yaya ya ce abin da ya ƙarasa shi shi ne da ya ɗaga kai ya ga tsohon birin a kan dutse, ya kafa madubi a ido, ta ƙaramin bakin.

A nan Yaya ya ce ya isa. "Tashi mu koma. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka ba Baba haƙuri, a ɗaura aure. Yarinyar nan ba tsuntsu take so ba."

"In koma hannu wofi, Bayamale ya ji? Tafi kai. Dama ƙafarka ce ke korar mini nama."

Yaya ya bar masa bargo, ya bi masu jakuna ya dawo. A daren da ya iso ba a sayi tsire a wurinsa don yunwa ba, sai don labari. Kowa ya yi dariya har da hawaye, ban da mutum ɗaya. Ramlatu ta tambaye shi abu guda: "Yaya, ya karɓi bargon?" Randarmu kuwa ta bushe ƙaf. Duk mai ruwan da ya yi sallama sai ta ce muna da shi, mu kuwa sai aro muke yi a maƙwabta da kwano.

Sauran labarin daga bakin Mukhtaru muka ji daga baya, bayan mun zare zakunan da ya zuba a ciki.

Ya kwana a rugar makiyayan nan, tsohuwar da ta jefe shi ta ba shi nono. Kowace asuba makware na kuka a kwari, shi kuma yana laɓe. Da ya rasa dabara sai ya fara kwaikwayonsu, ko za su zo. Da fari tumaki ne suka amsa. Amma mutumin da ya shekara yana kiran "Ruwa!" a lunguna yana da maƙogwaro, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya yi shiru ya saurari wani. Sannu a hankali ya iya. Har wani namijin makwarwa ya taho da gudu, gashi a tashe, yana neman wanda ya shigo masa gida. Ya zo har gaban Mukhtaru. Mukhtaru ya miƙa hannu, Barsu ya shiga tsakani, ya raka tsuntsu har bakin dutse cikin mutunci, ya dawo.

Da makiyaya suka tashi, dole ya kamo hanya. Ya wuce Arfa, ya wuce alamar iyaka, ya zube a inuwar wani dutse don gajiya. Kwando na gefe a buɗe, da ragowar alkama a ciki. Sai ga tattabara, irin shuɗiyar nan ta Harami wadda ba ta san tsoron mutum ba, ta sauka ta shige kwando kamar gidan ubanta. Barsu ya tafi shan ruwa. Mukhtaru ya dubi kwando, ya tuna idon Baba ba ya gani sosai, ya taɓa maƙogwaronsa. Ya rufe murfi.

Bayan la'asar yara suka shigo unguwa da gudu: "Ga mafarauci! Ga mafarauci, da kwando!"

Kafin ya iso ƙofarmu lungu ya cika. Kansa ba rawani, sai jakar alkama ya kifa. Rigar rabi ce. Kwando na lulluɓe da bargo, akwai kuwa abin da ke motsi a ciki. Barsu na bayansa a igiya, yana kuka ƙasa-ƙasa, yana kai hanci ga kwandon.

"Ina masu dariya?" in ji Mukhtaru. "A matso gaba."

Yaya ya saki baki. Bayamale ya bar shagonsa da butar shayi a hannu. Aka fito da Baba aka zaunar da shi. Labule ya motsa.

"Buɗe mu gani," in ji Yaya.

"Ka ji jahilci. Makwarwar dutse in ta ga taro sai zuciyarta ta buga. Kowa ya ja da baya. Zan shiga in lallashe ta. Kai, riƙe karen nan."

Ya ba Yaya igiya, ya durƙusa, ya ja bargo ya rufe kansa tare da kwando.

Sai kuka ya fito. Ya fara a hankali, kak, kak, kak, ya yi sauri, ya hau, ya ƙare da wani dogon kwarrr mai daɗi. Ban taɓa jin makwarwa ba, amma na ga fuskar Baba. Ya miƙe zaune, ya karkata kai.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Ba tamu ba ce, amma gidansu ɗaya. Har na ji ƙanshin gero."

Mata suka fara guɗa. Kukan ya sake fitowa, ya fi na farko. Yana ƙarewa sai wata murya ta amsa daga cikin bargon: "Gurr-guu. Gurr-guu."

Guɗa ta tsaya.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji Bayamale.

"Mura ce," in ji bargo. "Sanyin dutse ya kama ta."

"To yaya aka yi take murya biyu?"

"Mace ce. Tana da ta gida, tana da ta waje."

Daidai nan Inna Sa'adatu ta kutso cikin taro, ta ji an dawo da karenta. Ta ji gurr-guu ɗin nan da ta kwana ta tashi da shi shekara da shekaru, ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Barsu, me ke cikin kwandon nan?"

Yaya dai ya ce igiya ce ta kuɓuce masa. Barsu ya yi tsalle ɗaya, ya cusa kai ƙarƙashin bargo, ya cafko hannun kwando ya jawo shi fili. Murfi ya faɗi. Tattabara ta fito, ta girgiza jiki, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tashi. Ta zagaya rufin gidanmu, ta miƙe sak wajen Harami.

"Tattabarar Harami!" Salati ya tashi ko'ina. "A kwando! Ya Latif!"

Mukhtaru kuwa yana cikin bargo ido a rufe, ya ji hayaniya ya ɗauka yabo ne. Ya ƙara cika ƙirji. Ga kwando can a kife, ga kare na tsaye a kansa, ga bargo a tsakiyar lungu shi kaɗai yana ta kak, kak, kak, kwarrr.

Inna Sa'adatu ta kama gefen bargon da yatsa biyu ta ɗaga. Ga jikan Sarkin Baka a durƙushe, wuya a miƙe, baki a tsuke.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar nan ba. Bayamale ya zauna a ƙasa, shayi na zuba a zanensa bai sani ba. Mukhtaru ya buɗe ido, ya dubi kwando, ya dubi sama. Ya tashi, ya naɗe bargon da kyau, ya ajiye shi a bakin ƙofarmu ba tare da ya taka dokin ƙofa ba, ya juya zai tafi. Na ji Ramlatu ta riƙe hannuna har ya yi zafi.

"Kai, mai ruwa," in ji Baba. "Dawo nan."

Ya dawo, kai a ƙasa.

"Tun kukan farko na san makwarwar nan tana da gemu. Makwarwa ba ta jan numfashi ta hanci kamar jaki. Tattabarar mutane ta tafi lafiya?"

"Ko gashi ɗaya bai fita ba," in ji Inna. "Barsu ya gani."

"To ka yi istigfari, kada ka ƙara. Rantsuwarka kuma ka je wurin malam ya gaya maka kaffararta." Baba ya share ido da bakin riga. "Amma ni abin da na roƙa na ji. Na ji gida. Tsuntsu mai irin wannan murya ba zan so ya koma wani gida ba. Sai dai ba ni zan ciyar da shi ba. A tambayi mai ciyarwa."

Duk lungu ya juya ga labule. Sannan muryar Ramlatu ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Baba, randa ta bushe tun ranar da aka tafi dutse. In makwarwar na iya ɗaukar garwa, ta fara da nan."

Mukhtaru bai tsaya neman rawani ba. Da jakar alkama a ka ya ruga bazan.

An ɗaura aure kafin sanyi ya wuce. Sharaɗin Baba ɗaya ne: kowace safiya, kafin a juye ruwa, a yi masa kukan makwarwa a ƙofar ɗaki. Ba a yi mako ba Mukhtaru ya koma shagon shayi yana cewa, "Ku nuna mini wanda ya taɓa shigo da makwarwa Makka ba tare da ya taɓa gashinta ba. Kakana ma bai yi wannan ba."

Barsu ne dai abin ya rikita. Ya ji kukan da kunnensa, ya yanke hukunci. Kowace safiya Mukhtaru na fara kak, kak, kak, sai ka gan shi ya taho da gudu daga filin Inna, ya juya sau biyu, ya kwanta a gefensa ya ba shi baya. Duk wanda ya matso sai ya ɗaga masa leɓe. Har amarya, in ta kawo wa mijinta koko, sai ta tsaya daga nesa ta jira tsuntsu ya gama.